Likita Mila da Hausar Littafi Mai Tsarki: Wa Aka Ɗinka wa Rigar, Wa Ya Sa Ta?

Duk ɗalibin da ya zauna ajin tarihin rubutun Hausa ya san yadda ake jero zancen. A fara da ajami da waƙoƙin masu jihadi, a gangaro kan Turawan da suka tattara tatsuniyoyi da karin magana, daga nan sai a daka tsalle a dira kan gasar 1933, wadda ta haifar mana da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. To, a cikin wannan tsallen ne ake ƙetare wani littafi wanda ya fi waɗannan biyar kauri ko da an ɗaure su wuri guda, ya kuma riga su fitowa. Ina nufin fassarar Baibul ta Hausa, wato Littafi Mai Tsarki, wadda aka buga a Landan a shekarar 1932, shekara biyar kafin Magana Jari Ce, shekara bakwai kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo. Littattafan tarihi, irin su Hausa a Rubuce na Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, ba su manta da aikin 'yan mishan ba. Abin da muka yi wa ƙyuya shi ne mu zauna mu duba Hausar da ke ciki, kalma da jimla, kamar yadda muke yi wa Abubakar Imam.

Ba wa'azi na zo yi ba, ba kuma raddi ba, wannan fage yana da masu shi. Harshe ne ya kawo ni. Ni mutumin Ƙetare ne ta ƙasar Ƙanƙara, kuma a yankinmu, har zuwa Malumfashi da Ƙafur, akwai Hausawa na asali, jikokin Maguzawa, waɗanda da wannan littafi suke ibada. Ba su da wani harshe sai Hausa. In har adabin Hausa na Hausawa ne duka, to, abin da suke karantawa kullum safiya ya cancanci a sa shi a sikeli.

Mutumin da ya fi kowa ɗaukar nauyin wannan fassara shi ne Walter Miller, wanda bakin Bahaushe ya mayar Likita Mila. An haife shi a Ingila a 1872, ya yi karatun likita a Landan, ya shiga ƙungiyar mishan ta cocin Ingila da ake kira C.M.S. Abin lura na farko a rayuwarsa shi ne inda ya fara koyon Hausa: Tarabulus ta ƙasar Libiya, wurin fatake da alhazan da suka yada zango a can. Wato tun ran gini, Hausar da ta fara shiga kunnensa ta matafiya ce masu addini, wadda ta sha Larabci ta ƙoshi. A 1900 ya biyo ayarin Bishop Tugwell, su biyar, suka doshi Kano, alhali ko Turawan mulki ba su ci garin ba tukuna. Sarkin Kano Alu ya umarce su da su fita masa daga gari. Suka ja da baya suka zauna a Girku ta ƙasar Zazzau, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. Sai a 1905 Mila ya sami zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta, yana wa'azi yana fassara. A 1929 aka fitar da mishan daga cikin ganuwa zuwa Wusasa. Ya rasu a ƙasar Jos a 1952.

Kada mai karatu ya ɗauka waliyyi nake gabatar masa. Mila mutum ne mai kaifin harshe da taurin kai. Ya goyi bayan zuwan mulkin Turawa, daga baya kuma ya juya yana caccakar su, yana cewa sun jingina da sarakuna sun bar talaka a rana. Littattafansa na Turanci, musamman wanda ya fito a 1936 kan tunanin shekarunsa na farko da wanda ya fito a 1947 yana tambaya ko Turawa sun gaza a Nijeriya, cike suke da wannan ɗaci. Ra'ayinsa game da Musulunci da mulkin Fulani kuwa babu sassauci a ciki, ba ya ma ɓoyewa. Wani abin da ya kamata ya ja hankalin ɗalibin adabi shi ne, a mafi yawan shekarun da yake zaune a Zariya, sarkin garin shi ne Aliyu Ɗansidi, mai Tabarƙoƙo da Mu Sha Falala. Gari ɗaya, marubuta biyu, ɗaya na tsara baiti da ajami a fada, ɗaya na fama da boko a unguwa, kuma ba sa ga maciji da juna. Ƙorafe-ƙorafen da Mila ya yi ta kai wa Turawan mulki suna cikin abubuwan da masana tarihi ke lissafawa a dalilan tuɓe Ɗansidi da kai shi Lokoja. Wanda ke ƙaunar waƙoƙin Ɗansidi, kamar ni, da wuya ya karanta wannan babi zuciyarsa ba ta sosu ba.

Burin Mila shi ne malaman birni. Yana ganin in ya shawo kan masu tawada da allo, sauran jama'a za su biyo. Wannan buri bai cika ba. Waɗanda suka amsa kiransa a cikin Zariya 'yan ƙalilan ne. Taron da ya fi yawa ya zo masa ne ta wata hanya da bai tsara ba, wato Isawa, mabiyan wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda irin matsayin da ya ba Annabi Isa a karatunsa. Mabiyansa suka watsu, wasu suka fake a ƙasar Ningi. A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka nemo Mila, aka kafa musu gari a Gimi, amma ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, aka kwashe yaran da suka tsira zuwa Zariya. Daga wannan ƙaramin gida na Zariya da Wusasa aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Ashe ko a cikin littattafan nan biyar da muke tinƙaho da su, akwai guda da ya fito daga inuwar makarantar Mila.

Mu koma kan littafin. Ba Mila ne ya fara juya Baibul zuwa Hausa ba. Tun a 1857 wani Bajamushe, J.F. Schön, ya buga wasu sassa, ya kuma fitar da Sabon Alkawari a 1880. Amma Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Hausarsa ta bakin 'yantattun bayi ce a Saliyo, da ta Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi Turai. Mila kuwa ya shekara fiye da ashirin yana jin Zazzaganci a zaure da kasuwa. Ba shi kaɗai ya yi aikin 1932 ba, akwai 'yan mishan na wasu ƙungiyoyi, akwai kuma Hausawan da ya yi ta gwada jimloli a kunnensu, waɗanda sunansu bai yi tashe kamar nasa ba. Duk da haka hannunsa ne ya fi bayyana.

Matsalar da ke gaban mai irin wannan fassara babba ce. Kafin ya iso, Hausa ta riga ta yi ɗaruruwan shekaru tana ɗauke da addini mai littafi. Duk wata kalma ta ibada da zai miƙa hannu ya ɗauka, sai ya tarar da mai ita zaune a kai. Hanya biyu ke gabansa: ko ya ƙirƙiro sababbin kalmomi waɗanda ba wanda zai gane, ko ya ari na zauren malam ya ɗora musu sabon kaya. Mafi yawan lokaci ta biyun ya bi. Allah, Ubangiji, mala'ika, annabi, manzo, Shaiɗan, zunubi, tuba, gafara, addu'a, azumi, sujada, Zabura, Almasihu, duk ba baƙi ba ne a kunnen almajiri.

Amma aron kalma ba kamar aron fartanya ba ne, da za ka yi noma ka mayar yadda take. Ɗauki ceto. A bakin Musulmi, ceto abu ne na ranar tsayuwa, roƙon da Annabi zai yi wa al'ummarsa. A bakin Kirista kuwa abu ne da aka riga aka gama, wanda mutum ke cewa ya samu tun yana raye. Ɗauki sujada. Wurin Musulmi goshi ne a ƙasa, wurin Kirista kuwa taron Lahadi ne gaba ɗaya, da waƙa da wa'azi, ko da ba wanda ya durƙusa. Zakka ma haka, wurin wannan ɗaya bisa arba'in ce ta dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, wurin wancan ɗaya bisa goma ce ta abin da ya shigo hannu. Mutum biyu a kasuwar Ƙanƙara za su iya yin rabin sa'a suna zance da kalmomi iri ɗaya, kowa na gyaɗa kai, alhali kowa da inda ya dosa. Ni a ganina wannan shi ne babban abin da littafin ya yi wa harshenmu: ya sa kalmomi da dama sun zama masu ɗaki biyu.

Inda na fi jinjina wa masu fassarar shi ne wuraren da suka bar Larabci suka tono Hausa tsantsa. Ga imani a kusa, amma suka zaɓi bangaskiya, wato ba da gaskiya, kalmar da ko tsohuwar da ba ta taɓa ganin allo ba ta san abin da ake nufi, domin ita ma tana ba da gaskiya ga maganar ɗanta. Suka ɗauki ƙauna suka fifita ta a kan so, saboda so yana iya zama na saurayi da budurwa ko na tuwo da miya, ƙauna kuwa ta fi nauyi da daɗewa. Littafin farko suka ce masa Farawa, na biyu Fitowa. Babu ƙawa a ciki, amma ya zauna daram.

Alheri kuwa sai a yi hattara da shi. Ginshiƙin koyarwar Furotesta, wadda Mila ya tashi a cikinta, shi ne cewa rahamar Allah kyauta ce da ba aikin mutum ke jawo ta ba, ba kuma ya iya biya. Kalmar da aka ɗora wa wannan kaya ita ce alheri. To, amma alherin Bahaushe yana da igiya a ƙafa. Mu ne muke cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wanda ya kai gudummawar biki ya san ranar da za a rama masa. Saboda haka kalmar tana jan mai sauraro zuwa ga ramawa, alhali mai wa'azin yana son ya ce babu ramawa. Ban ce akwai wadda ta fi ta ba. Na ce dai duk fastocin da ke wa'azi da Hausa suna biyan bashin wannan zaɓi, domin kullum sai sun ƙara bayani.

Sai sunaye, kuma nan ne aka fi ganin inda idon Mila yake kallo. Me ya sa maƙwabcinmu ke amsa Bitrus, ko Bulus, ko Yohanna, ko Markus, ko Luka? Waɗannan ba daga Turanci suka zo ba, in da daga can ne da Pita da Pol da Jon muke ji. Siffar da Kiristocin Larabawa ke kiran sunayen ke nan, kamar yadda suke a fassarar Larabci da aka kammala a Beirut a 1865. Haka littafin ƙarshe, a bugun 1932 Ru'ya ta Yohanna aka sa masa, littafin karin maganar Sulaimanu kuma aka ce Misalai. Duka biyu ƙamshin Larabci suke yi. Mai fassarar yana hango malami ne zaune a kan buzu, wanda zai ji Ru'ya ya gane nan take, ya kuma ga littafin da kwarjini. Amma da aka zo kan suna mafi girma a littafin, sai aka kauce wa Isa aka rubuta Yesu, aka biyo shi da Kristi. Ga mutanen da sunan Isa ne ya kawo su ƙofar Mila tun daga Ningi, ga littafin da aka miƙa musu da wani suna daban. Masu wannan zaɓi suna da hujjarsu ta aƙida, suna son a bambance. Ta fuskar harshe dai, an yi wa baƙo shimfiɗa da tabarmar gidansu, sannan aka canza sunan mai gidan.

Aibin littafin a fili yake ga duk wanda ya karanta shi da ƙarfi. Jimlolinsa, musamman a wasiƙun Bulus, dogaye ne masu rassa, wanda a cikin wanda, har numfashi ya ƙare ba a kai gaɓa ba. Bahaushe in zai kawo hujja yakan yanka ta gunduwa-gunduwa, ya sa karin magana a tsakani ya huta. A nan kuwa an bi ƙirar jimlar asali sau da ƙafa, saboda tsoron kada a taɓa maganar da ake ganin tsarkinta. Kalmar gama, da ma'anar domin, ta yi yawa har ta zama tambari, in ka ji mutum ya fara jimla da ita ka san inda ya yi karatu. Akwai kuma kalmomi irin su Kubawar Shari'a, sunan littafi na biyar, waɗanda ba za ka ji su a bakin kowa a kasuwa ba. Amma inda labari ne ake bayarwa, kamar na Yusufu da 'yan'uwansa ko na ɗan da ya ɓatar da gadonsa, sai Hausar ta saki jiki ta miƙe, domin duniyar rijiya da garke da fari da yunwa da ƙanin da aka fi so ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A nan Zazzagancin da Mila ya sha a zaure yake fitowa.

To, wa ya sa rigar? Malaman birni da aka auna ta da jikinsu ba su karɓa ba. Sai ta faɗa hannun wasu mutane iri biyu. Na farko su ne ƙabilun Filato da kudancin Zazzau da Bauchi da Adamawa, waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ne gare su, amma ta zama harshen cocinsu. Har tarayyar da suka kafa a 1955 da Hausa suka raɗa mata suna, Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi. Ta wannan hanya littafin ya kai Hausa tsaunukan da dokin jihadi bai hau ba, ko da yake ƙananan harsuna da dama sun ji a jikinsu. Na biyu su ne namu na gida. Turawan mulki sun daɗe suna hana mishan shiga ƙasashen sarakuna, sai a shekarun 1930 aka buɗe wa ƙungiyar S.I.M. ƙofa ta hanyar jinyar kutare, a Babbar Ruga kusa da Katsina, da Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato. Daga nan aikin ya bazu cikin ƙauyukan Maguzawa, cocin E.C.W.A. da aka kafa a 1954 ya gāji mafi yawansa.

A nan ne abin mamakin yake. Bamaguje ya yi ɗaruruwan shekaru yana maƙwabtaka da malam. Ya san Allah, yana rantsuwa da shi, amma harkarsa ta yau da kullum da iskoki take, da tsafin gida da na gona. Tuba da zunubi da tashin ƙiyama yana jin su ta kan danga, bai ɗauka ba. Da jikansa ya tashi ɗaukar su, sai ya ɗauke su daga littafin Bature, wanda shi kuma daga zauren malam ya aro. Kalmomin sun yi zagaye ta Tarabulus da Zariya da Landan kafin su shiga gidan da ke bayan dangarsu.

Ina yaro akwai wani dattijo da ke kawo dawa da barkono gidanmu daga wata unguwa a yammacin Ƙetare, abokin cinikin kakana ne. In sun gama awo sukan zauna a zaure su taɓa hira, kakana na ce masa aboki, shi kuma yana ce masa malam. Abin da ya riƙe mini kunne shi ne Hausar dattijon kala biyu ce. In ana zancen damina da farashi, Katsinanci ne tsantsa irin na ƙauye. Da zarar zance ya juya kan mutuwa ko haƙuri, sai muryarsa ta canza, jimlarsa ta yi tsawo, gama ta fara fitowa. Bai taɓa zuwa Zariya ba, amma Hausar Zariya ta farkon ƙarni na 20 tana bakinsa. Kakana kuwa yakan ce, wannan mutum da ka ji shi ka ce ya yi zaman makarantar zaure.

A 1979 aka fitar da sabuwar fassara, wadda ita ce ta fi yawo a hannun jama'a daga baya. An sassauta jimla, an gyara rubutu ya dace da ƙa'idar da muke bi, Misalai ya koma Karin Magana, Kubawar Shari'a ya koma Maimaitawar Shari'a, Mai Wa'azi ya koma Mai Hadishi. Wani abin sha'awa, a wajen sunaye sabuwar ta ƙara matsowa kusa da bakin Musulmi, ta ce Yahaya a maimakon Yohanna, Wahayi a maimakon Ru'ya, Almasihu a maimakon Kristi, amma ta bar Yesu yadda yake. Karin Magana ya fi Misalai, wannan ko gardama babu. Sai dai sauƙi yana da nasa farashi. Tsofaffi da yawa sun riƙe tsohon bugun, suna cewa shi ya fi nauyi a baki, kuma har yau ba a daina raɗa wa yara Yohanna ba. Na fahimce su, domin mu ma da aka ce za a sauƙaƙa mana Hausar waƙoƙin ƙarni na 19 da ba mu yarda ba.

Ga 'yan'uwana ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai, ga fili nan ba a nome ba. A ɗauki sura guda, a jera ta Schön da ta 1932 da ta 1979, a ga yadda zuben Hausa ya yi tafiyar shekara ɗari. A gwada jimlar 1932 da ta Jiki Magayi, a ga ko almajiri ya gāji malaminsa ko ya kauce masa. A kuma je a ɗauki muryar tsofaffin da suka koyi karatu da wannan littafi, da waƙoƙin da matansu suka ƙaga da karin daka da na niƙa, waɗanda ba sa cikin kowane littafin waƙoƙi. Wannan na ƙarshe shi ya fi gaggawa. Tun kafin sace ɗaliban makarantar sakandaren Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, da kuma bayansa, 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ba su tambayi wa ke zuwa masallaci wa ke zuwa coci ba. Wanda ya gudu da dare da yara a kafaɗa ba ya tsayawa ɗaukar tsohon littafi mai baƙin bango, kuma tsohon da aka kai gidan haya a Funtuwa ko Malumfashi, cikin jikokin da suka fi jin Hausar rediyo da ta waya, ba ya daɗewa bai yi shiru ba. Mai niyyar wannan aiki ya fara da garuruwan da mutanen suka koma, ya nemi izinin shugabannin cocinsu, ya tafi da na'urar ɗaukar magana da wanda suka sani suka yarda da shi.